Damtse da Takarda: Ƴan Cin Rani na Ƙasar Maraɗi da Ƴan Barasero na Meksiko, 1942–1964

Gabatarwa

Daga 1942 zuwa 1964 gwamnatocin Amurka da Meksiko sun gudanar da wata yarjejeniya wadda ta ba manoman Meksiko damar ƙetare iyaka su yi aikin gona na ƴan watanni, sa'an nan a mai da su gida. A cikin waɗannan shekaru 22 an sa hannu a kan takardun ɗaukar aiki kimanin miliyan 4 da dubu 600. A daidai wannan zamani, samarin Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa da sauran garuruwan bakin gulbi su ma suna ƙetare tasu iyaka bayan kowace kaka, su shiga ƙasar Ingilishi biɗar kuɗin lanho da na aure, ba da wata yarjejeniya ba, ba kuma da takarda a aljihu ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta aza tafiye-tafiyen nan biyu gefe da gefe domin amsa tambaya guda: me takarda ta tsinana wa wanda ya same ta, me kuma rashinta ya jawo wa wanda bai samu ba? A ganinmu, takarda ba ta kare ɗan Meksiko ba a lokacin da yake duƙe a gona, amma ta bar masa shaida wadda shi da ƴaƴansa suka bi bashi da ita bayan shekara hamsin. Namu kuwa shaidarsu tana cikin harshe da bakin tsofaffi, abin da ya sa aikin ya faɗo a kan masu nazarin harshe kamar yadda ya faɗo a kan masu nazarin tarihi. Da kalmomi za mu fara.

1. Sunayen ma'aikacin

Sunan da Sifaniyanci ya ba waɗannan mutane shi ne bracero, wanda za mu riƙa rubutawa barasero. Tushensa brazo, wato hannu tun daga kafaɗa, damtse ke nan. Faransanci ma haka ya yi: akwai main-d'œuvre da manœuvre, akwai kuma tsohuwar kalmar brassier, talakan da ba shi da dabbar huɗa sai hannuwansa. Duk waɗannan sunaye daga idon mai gona suka fito, wanda abin da yake saye shi ne gaɓar da ke aiki.

Hausa ta bi wata hanya. Cin rani suna ne da aka ɗauko daga lokacin shekara, kuma yana ɗauke da lissafin gida: wanda ya tafi ya ci raninsa a wani wuri ya rage baki ɗaya daga rumbu, ko da ya dawo hannu rabbana. A ƙasarmu ana cewa wane ya tafi biɗa. Masanin labarin ƙasa Mansell Prothero, wanda ya ƙidaya matafiya a hanyoyin lardin Sakkwato a ranin 1952–1953 ya kuma buga sakamakon a 1959, ya rubuta wani suna, ƴan tuma da gora, domin masu tafiya mai nisa waɗanda guzurinsu bai wuce goran ruwa ba. Lokaci, da nema, da gora: sunaye ne na mutanen da suka yi wa matafiyi rakiya zuwa bakin gari suna jiran dawowarsa.

Idan aka zo ga aikin kansa, kalmomin sun bambanta yadda ake biya. Gayya aikin taimakon juna ce, ladanta abinci da ramuwa. Ƙwadago, wanda a ƙasar Maraɗi aka fi kira barema idan na gona ne, aikin yini ne da kuɗi, yawanci daga safe zuwa azahar, da fura a tsakani. Jinga kuwa ciniki ne a kan aikin ɗungurum, kamar noman gona kaza a kan kuɗi kaza, ko ya ɗauki kwana nawa. Lebura aro ce daga Ingilishi wadda ta shigo da aikin hanyar jirgi da na haƙar kuza. Faransancin Nijar kuma ya ƙirƙiro exodant, kalmar ofis wadda ke kallon tafiyar a matsayin yoyon da ke rage wa ƙasa mutane. Abin lura shi ne, a cikin dukan kalmomin Hausa da muka lissafa babu wadda ke nufin alkawarin da aka rubuta.

2. Mai takarda

An ƙulla yarjejeniyar barasero ranar 4 ga Agusta 1942, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya kwashe ma'aikatan gonakin Amurka zuwa soja da masana'antu. Rukunin farko, mutum 500, ya sauka a garin Stockton na jihar Kaliforniya a ƙarshen Satumba na wannan shekara. Yaƙi ya ƙare, amma manyan manoma ba su yarda shirin ya ƙare ba. A 1951 majalisar Amurka ta ba shi sabuwar doka, a 1956 kaɗai kuma an ɗauki mutum wajen dubu 445.

A rubuce, sharuɗɗan suna da kyau. An yi alkawarin lada mafi ƙanƙanta, kwabon Amurka 30 a awa a farkon shirin, da masauki kyauta, da kuɗin mota zuwa da dawowa, da tabbacin samun aiki a kashi uku cikin huɗu na kwanakin da takarda ta ambata, da hana wariya. Gwamnatin Meksiko har ta hana a kai mutanenta jihar Tekzas daga 1943 zuwa 1947 saboda wulaƙancin da ake yi wa ƴan Meksiko a can.

Abin da ma'aikatan suka tarar daban ne. Mafi yawansu ƙananan manoman masara ne daga jihohin tsakiyar ƙasar, irin su Guanajuato da Jalisco da Michoacán da Zacatecas, masu dogaro da ruwan sama kamar namu. Kafin sunan mutum ya shiga jerin masu tafiya sau da yawa sai ya ba da toshiyar baki, kuma da bashi yake biyanta. Sa'an nan ya yi kwanaki ko makonni yana jira a sansanin tantancewa, kamar na Empalme ko Monterrey, yana ci daga aljihunsa. A can ake duba tafin hannunsa: mai kanta ya wuce, mai hannu sumul a kore shi. A bakin iyaka a tuɓe shi a fesa masa hodar DDT. Hotunan da Leonard Nadel ya ɗauka a 1956 sun nuna wannan ƙarara.

A gona kuma, takardar ta ɗaure shi ga mai gona ɗaya ko ƙungiyar manoma ɗaya. Ba shi da ikon ya bar wannan ya koma wancan, kuma wanda ya cika ƙorafi sai a ce aiki ya ƙare, a sa shi a mota. Ana cire kuɗin abinci daga ladansa, ana ƙwarar sa wajen lissafin awoyi. Ernesto Galarza, wanda ya zagaya sansanonin Kaliforniya ya kuma buga abin da ya gani a 1956 da 1964, ya jera waɗannan dabaru ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma gajeriyar hauya da ake tilasta musu. Mu da muka san hauyar duƙe da hauyar tsaye, waɗanda Claude Raynaut ya yi nazarinsu a yankin Maraɗi a 1984, mun san cewa gajeren ƙota shi kaɗai ba azaba ba ne, tunda manomi a gonarsa yana miƙewa duk lokacin da bayansa ya nema. A gonakin Kaliforniya amfaninta ga mai sa ido shi ne, daga nesa yana hango duk wanda ya miƙe. Sai a 1975 aka haramta ta a jihar. Ranar 17 ga Satumba 1963, a Chualar, jirgin ƙasa ya banke wata motar kaya da aka mayar ta ɗaukar ma'aikata, ƴan barasero 32 suka mutu. Shirin ya zo ƙarshe a Disamba 1964.

3. Marar takarda

Kafin a fahimci tafiyar mutanen Maraɗi sai an tuna cewa iyakar da suke ƙetarewa ƙarama ce a shekaru. Katsinawan da suka bar birninsu bayan jihadi su suka kafa sarautar Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ingila da Faransa sun daidaita a kan layin iyaka a 1906, aka kafa alamunsa zuwa 1908. Saboda haka saurayin da ya fita daga Jiratawa ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya shiga Katsina bai sauya harshe ba, bai sauya addini ba, mai yiwuwa ma gidan dangin uwarsa zai sauka. Abin da ya sauya shi ne kuɗi da hukuma: ya bar ƙasar tamma da dala da kumandan, ya shiga ƙasar sule da fam da Razdan.

Dalilan tafiyar sanannu ne. Lanho kuɗi tsaba ake biya, a kan kowane kai, bayan kaka. Akwai aikin dole na gyaran hanyoyi da ɗaukar kaya, da ɗibar soja, da rumbunan ajiya na tilas da aka ƙaƙaba wa talakawa bayan yunwar 1931. A can kudu kuwa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi, masu gonaki suna neman hannuwa. Dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ta soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulki, amma lanho yana nan, sadaki da kayan aure kuma sun koma na kuɗi da tufafin kanti. Ko noman gyaɗar da ya bunƙasa Maraɗi kanta a shekarun 1950 da 1960, wanda Emmanuel Grégoire ya nuna yadda ya haifar da Alhazan birnin, bai tsai da tafiyar ba, domin gyaɗa aikin damina ce, rani kuwa wata bakwai ne ko takwas.

A nan ya kamata mu yi hattara da wani kuskure. Ba duk ɗan cin rani ne ma'aikacin gona ba, tunda ranin Maraɗi shi ne ranin Katsina. Da yawa ga-ruwa suke yi, ko dako, ko gini, ko yankan farce, ko almajirci, ko ƙaramin fatauci. Aikin gonar da ake samu shi ne wanda kalandarsa ta saɓa da ta gero: ɓarar gyaɗa, da tsinkar auduga a ƙasashen Funtuwa da Gusau da Zariya, da lambu da rake a fadamu, da sharar gona, da noman farko a wuraren da ruwa ke riga namu sauka. Masu nisan zango kuma suna kai wa Kurmi, gonakin koko da goro na ƙasar Yarabawa da ta Asante. A can Polly Hill ta bayyana a 1956 tsarin da ake kira abusa, inda baƙon da ke kula da gonar koko yake ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfanin. Jean Rouch ma a wannan shekara ya buga bincikensa kan mutanen Nijar da ke tafiya ƙasar da ta zama Gana a 1957.

Faransa ba ta jahilci tsarin takarda ba. A Senegal hukuma na sauƙaƙa wa baƙin manoman gyaɗa, waɗanda ake kira navétanes, tafiyar damina. A Kodebuwa masu manyan gonaki sun kafa ƙungiyar SIAMO a farkon shekarun 1950 domin kwaso ma'aikata daga ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso, a 1960 kuma ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniya wadda, kamar ta barasero, ta tanadi a riƙa tura wani kaso na ladan ma'aikaci asusun ajiya a ƙasarsa. Mutanen Maraɗi ba su shiga irin wannan lissafi ba, domin ƙafarsu ƙasar wata daular take nufa. A idon kumandan, tafiyarsu asarar masu biyan lanho ce. A idon Razdan kuwa, Hausawa ne cikin Hausawa.

Me ya maye gurbin takarda? Maigida da mai masauki. Baƙo yana sauka a zauren wani ɗan garinsu da ya riga shi zama, ko wajen sarkin zango idan Kurmi ne. Shi ke nema masa aiki, shi ke ajiye masa kuɗi, shi ke tsaya masa idan rigima ta taso, shi ke sallamar gawarsa idan ajali ya yi. Wannan tsari yana da abin da barasero ya rasa, wato ƴancin ƙafa: wanda aka cuta a wannan gona gobe yana wata, kuma mai gonar da ya yi suna da hana lada labarinsa na riga shi isa zaure. Yana kuma da raminsa. Ladan da aka ce sai an sayar da auduga, ko ajiyar da mai masauki ya juya a kasuwancinsa ta nutse, ba su da shaida sai Allah da wanda ya ji. Baƙon da damina ta matso masa ba shi da kwanakin zaman jiran shari'a a gaban alƙali.

4. Abin da ya haɗa su

Duk da wannan bambanci, ginshiƙin tsarin biyu ɗaya ne, kuma Claude Meillassoux ya fayyace shi a 1975. Mai ɗaukar baƙon ma'aikaci yana biyan kuɗin kwanakin aiki kawai. Goyon mutum tun yana jariri har ya isa riƙe hauya, da jinyarsa idan ya dawo da ciwo, da ciyar da shi idan ya tsufa, duk suna kan garin da ya fito. Gandun Tsibiri da gamanar matan Jiratawa su suka reni damatsan da suka tsinke audugar Funtuwa, kamar yadda gonakin masarar Michoacán suka reni waɗanda suka tsinke ta Tekzas. Shi ya sa ladan baƙo ke iya zama ƙasa da abin da zai riƙe iyali a wurin da yake aiki. A Nijeriya akwai ƙarin dalili: hukumomin sayen gyaɗa da auduga da aka kafa a 1949 suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya, shi kuma ya sauke wani ɓangare na nauyin a kan ɗan barema.

Abu na biyu shi ne kora. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, hukumomi kuwa sun sha ɗaukar maganar a zahirinta. A 1954, ana tsakiyar shirin barasero, Amurka ta yi gagarumin samame ta kori ɗimbin ƴan Meksiko marasa takarda, alhali manoman da suka ɗauke su ba abin da ya same su. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Nijeriya, sa'an nan aka rufe iyakokin ƙasar daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin farin da mutanenmu suka laƙaba wa suna El Buhari. A ranar ce wanda ya yi shekara talatin yana shiga da fita da sallama kawai ya gane cewa akwai wata aba wai ita takarda.

Kada kuma mu ɗauka cewa kullum mu ne baƙi. Fadamar gulbin Maraɗi ta daɗe tana ɗaukar ƴan barema daga ƙauyukan tudu da na arewa. Filin noman rani na Jiratawa, mai faɗin kimanin hekta 500, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, ya ba wasu damar cin raninsu a gida, ya kuma mayar da wasunsu masu ɗaukar ƙwadago. Tambayar da muke yi wa manomin Kaliforniya tana jiran mu a bakin rijiyarmu.

5. Bashi da shaida

A shekarun farko na shirin barasero ana cire kashi 10 cikin 100 na ladan kowane ma'aikaci, a tura ta bankin Wells Fargo zuwa bankunan gwamnatin Meksiko, da alkawarin zai karɓa idan ya koma gida. Da yawansu ba su ga ko kwabo ba. Magana ta kwanta shekara hamsin. A ƙarshen shekarun 1990 tsofaffin ma'aikatan da ƴaƴansu suka tashe ta, a 2001 aka shigar da ƙara a kotun Amurka, a 2005 gwamnatin Meksiko ta kafa asusun biyan peso dubu 38 ga kowane mutum, a 2008 kuma aka sasanta a kan a biya waɗanda ke zaune a Amurka kwatankwacin haka, wajen dalar Amurka 3,500. Kuɗin bai kai abin da aka ci ba, kuma mutane da yawa sun mutu ba su karɓa ba. Amma abin da ake nema ga mai biɗar haƙƙinsa shi ne tsohuwar takardar ɗaukar aiki ko katin shaida, waɗanda iyalai suka adana a cikin akwatuna. Takardar da ta ɗaure uba ita ce ta buɗe wa ɗa ƙofar kotu. Ita ce kuma ta ba masu bincike sunaye da ranaku, har jami'o'in Amurka suka tattara ɗaruruwan hirarraki da tsofaffin ƴan barasero, gidan tarihi na Smithsonian ya yi baje kolinsu a 2009.

Ɗan baremar da aka hana lada a wata gonar auduga a 1955 ba shi da wanda zai kai ƙara, tunda ba gwamnatin da ta yi masa alkawari. Ba diyya muke nema masa ba. Abin da ke hannunmu shi ne kada ya fita daga tarihi kamar yadda ya fita daga gonar. Rahotannin kumandan da ke ajiye a Yamai, da na Razdan da ke Kaduna, sun san shi a matsayin adadi: mutum kaza sun fita, lanho kaza ya ragu. Yadda aka yi cinikin jinga, da abin da ya ci, da inda ya kwana, da abin da ya sayo, da abin da ya tarar a gida, ba su cikin waɗannan takardu. Barbara Cooper a 1997, da David Rain a 1999, sun nuna cewa a Maraɗi ana iya gina tarihi mai ƙarfi daga bakin mutane, ita a kan aure da rayuwar mata, shi a kan masu cin rani kansu.

Kammalawa

Mun ga cewa takarda da rashinta duk ba su hana a sayi damtse a bar wa gida sauran mutum ba. Mai takarda ya rasa ƴancin ƙafa ya sami shaida. Marar takarda ya riƙe ƙafarsa ya rasa shaida. Daga nan muke ba ɗalibanmu shawara uku. Ta farko, a ɗauki maganar tsofaffin Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa da na'ura, a rubuta ta da karin harshensu ba tare da an gyara ta zuwa daidaitacciyar Hausa ba, domin bambancin barema da ƙwadago, ko biɗa da cin rani, shi kansa bayani ne. Ta biyu, a tambayi mata, waɗanda suka riƙe gida wata bakwai, suka kuma san abin da aka kawo da abin da aka ce an kawo. Ta uku, a tattara kalmomin aro na kuɗi da awo da tufafi da kayan aiki, a tantance waɗanda suka shigo ta Katsina da waɗanda suka shigo ta ofishin kumandan, domin kowace kalma ta biyo ƙafar wani. Wanda ya yi cin raninsa na farko yana da shekara 20 a 1955, an haife shi ne a 1935. Mai niyyar wannan aiki ya yi lissafin da kansa, sa'an nan ya duba ranar da zai tafi Tsibiri.